Gemun Tasalla da Ganyen Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta da zafinta!

Wani wanzami ne, Jatau, kullum yana cika baki a kasuwa: "Ba a yi gashin da ya fi ƙarfin askata ba!"

A garin akwai Tasalla mai guɗa. Sai gemu ya tsiro mata. Ta naɗe haɓa da mayafi, ta daina zuwa biki. Ga bikin ƙanwarta saura kwana arba'in, kuma ai ba a guɗa da baki a rufe.

Ta je gun Jatau. Ya aske, gemu ya dawo. Ya sake askewa, ya dawo da 'yan'uwansa. Ya aske na uku, aska ta dakushe.

Tasalla ta tafi rafi tana kuka. Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Yaya Tasalla, dube ni. Kin ga gashi ko ɗaya?"

Ta ce, "Wallahi sumul kake."

Ya ce, "Daga ciki abin yake, aska ba ta kai can. Tsinki na'a-na'ar nan, ki dafa da kirfa. Kofi da safe, kofi da yamma. Ban da gaggawa."

Ta dafa, ta sha. Ta dafa, ta sha. Gashi yana sirancewa, yana zubewa.

Jatau ya ji labari. Ya ce, "Shayin kwaɗo? Allah ya kiyaye!" Amma kullum in ta tafi ɗiban ruwa, sai ya lallaɓo gidanta ya kwankwaɗi kofi uku daga tukunyarta, wai yana so ya gano sirrin.

Ranar biki Tasalla ta yaye mayafi, haɓa tas. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ayyiririi, har kaji suka watse.

Mata suka ce, "Ke, wa ya yi miki magani?"

Jatau ya yi tsalle ya shigo fili. "Askata ce! Ni ko warin ganyen nan ban taɓa ji ba. Na rantse da gemuna!"

Ya cafki gemu ya ja. Gemu ya biyo hannu gaba ɗaya.

Tasalla ta ce, "Sannu Baba Wanzam. Ashe kai ke rage mini tukunya."

Ƙurunƙus, na kife kofina. Mai neman lafiya ya bi a hankali, mai ƙarya kuma ya riƙe gemunsa da kyau.