Sabuwar Sitika a Kan Tsohon Had-dis

Akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki a Bwari, sunansa Muhyiddeen. Kyamararsa ɗaya, memorinsa ɗaya, wato ɗan katin da kyamara ke ajiye bidiyo. Da aiki ya fara kankama, ya gaji da zuwa shagon mutane tace bidiyo, sai ya shiga haɗa kwamfutarsa guntu-guntu, daidai ƙarfinsa.

Komai ya samu, saura had-dis, ƙarfen nan da kwamfuta ke ajiye aiki a cikinsa. Bai yi dogon tunani ba, ya nufi Wuse wajen Ɗangoggo, abokinsa mai sayar da kayan kwamfuta. Unguwarsu ɗaya a Katsina, kuma ɗaki ɗaya suka zauna farkon zuwansu Abuja.

Ɗangoggo ya ɗora masa guda biyu masu araha a kan kanta. Ɗaya sabo ne a kwalinsa, sai dai ba wanda ya san sunan kamfanin. Ɗayan ba kwali, amma yana ɗauke da sunan da kowa ya sani, sitikarsa sai ƙyalli, kuma ya fi cin kaya.

Muhyiddeen ya ce, "Ni fa na kwalin nan ya fi kwanta min."

Ɗangoggo ya tuntsire da dariya. "Har yanzu ƙauyanci bai sake ka ba, Muhyi? Wannan tokumbo ne na gaske, na hannu daga Turai. Baturen da ya riƙe shi ko ɗumi bai bari ya yi ba."

"Amanar mutane fa zan riƙa zubawa a ciki."

"Ni za ka koya wa amana? Ɗauki ka tafi, malam."

Ya ɗauka.

Babban aikin da ya fara samu shi ne bikin Yusra, 'yar Malam Yamusa tela. Ranar kai amarya, tsohon ya sa aka kawo ta ɗakinsa duk da ba shi da lafiya. Ya riƙe hannunta, ya daɗe yana mata nasiha a hankali, yana yi yana hutawa. Muhyiddeen ya ɗauki komai. Da ya koma gida ya juye a kwamfuta, ya goge memorin, don washegari yana da aikin bikin suna a Apo.

Kafin ya gama tace bidiyon, Allah ya yi wa Malam Yamusa rasuwa.

Bayan zaman makoki Yusra ta kira shi. "Malam Muhyiddeen, bar batun kamu da walima. Wajen Baba kawai nake so."

Ya kunna kwamfuta. Sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Daga nan shiru.

Ya kai wa Christina, mai gyara a Wuse. Ta juya had-dis ɗin, ta sa farce ta ɓare sitikar. A ƙarƙashi ga sunan wani otal an rubuta da alƙalamin maka.

"Oga, wannan a na'urar kyamarar tsaro ya yi rayuwarsa, dare da rana ba hutu," in ji ta. "An goge shi ne aka sa masa sabuwar riga."

Ta yi iya ƙoƙarinta. Abin da ya dawo sai guntayen hoton barandar otal, baƙi na wucewa da akwatuna. Malam Yamusa babu shi.

Muhyiddeen ya ajiye had-dis ɗin a kan kantar Ɗangoggo, rubutun yana sama.

"Ka sani?"

Ɗangoggo ya kau da ido. "Kasuwa ce, Muhyi. Wasu suna shekara ba su yi tari ba. Rashin sa'a ka yi."

"Me ya sa ba ka ba wani ba?"

"Baƙo ai ba zai ɗauka ba sai ya gwada."

"Shi ya sa ka jira ni."

Muhyiddeen ya fice daga shagon. Ya tafi ya faɗa wa Yusra gaskiya, har da nasa laifin na goge memori. Ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai ta share. Da zagi ta yi masa, da ya fi samun sauƙi.

Sai ya bi 'yan biki gida-gida yana roƙon abin da suka ɗauka a waya. A wayar wata goggo ya sami ɗan guntu, hoton na rawa, yara na ihu. Ƙarshen maganar kaɗai ake ji: "Allah ya yi miki albarka, uwata." Shi ne abin da ya rage wa Yusra.

Duk gidan da ya shiga kuwa sai an tambaye shi yadda aka yi. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma ɓoye suna ba. A hankali mutanen Bwari suka daina hawa benen da shagon Ɗangoggo yake.

Wata Juma'a sai ga Ɗangoggo a ƙofarsa da sabon had-dis a kwali.

"Riƙe wannan, kyauta. A bar maganar haka, ɗan'uwa."

Muhyiddeen ya dubi kwalin, bai miƙa hannu ba.

"Muryar Malam Yamusa na ciki?"

Muhyiddeen ya tura ƙofarsa a hankali ya rufe.

Darasi: Wanda ya saya a wajenka bai gwada ba, kai ya yarda da shi ba kayan ba, kada ka sa ya yi nadamar yardarsa. Kai kuma mai saye, gwada ko a hannun ɗan'uwa ne, kuma kada ka ajiye amanar mutane a wuri ɗaya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, ko Allah zai sa wani ya tsira.