Saƙon Da Ya Shiga Wayar Mama Celina

Akwai wani matashi a Unguwar Boro, Harrison sunansa, gwani ne wajen haɗa manhajar kwamfuta.

Asibitoci da manyan kemis suna da wata babbar manhaja da suke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki. Kamfanin da ya yi ta ya buɗe kasuwa a intanet, inda masu fasaha daga waje ke kawo ƙananan manhajoji a maƙala wa babbar. Harrison da abokiyar aikinsa Hadassah suka kai tasu, mai tura wa mara lafiya saƙon tes idan lokacin karɓar magani ya yi. Sai da suka yi alkawarin ba za su fitar da bayanan kowa ba kafin aka karɓe ta.

Asibitoci suka yi ta saukewa, ana ba ta taurari biyar. Kan Harrison ya kumbura.

Sai wani mai sayar da jiƙe-jiƙe a kwalba ya same shi. Sunayen marasa lafiya yake so, da lambobin waya, da irin ciwon kowa da maganin da yake sha, don ya riƙa tura musu talla. Harrison ya kwashe ya sayar masa, ko duba sunayen bai yi ba.

Ranar da Hadassah ta gano, kasa zama ta yi.

"Harrison, wannan wace irin ƙazanta ce? Sirrin marasa lafiya fa!"

"Abeg, Hadassah, lambobi ne kawai. Wanda ya yarda da tes ɗin talla, wautarsa ce."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta kai ƙara wajen masu kula da kasuwar. Suka ce za su bincika.

Ana cikin binciken, wata safiya ƙanwar Harrison, Damaris, ta kira shi tana kuka. Mahaifiyarsu, Mama Celina, ta yanke jiki ta faɗi a shagonta a Sabon Tasha.

A asibiti likita ya tambaya ko tana shan maganinta na hawan jini. Damaris ta buɗe jakar Mama, sai ga kwalbar wani baƙin ruwa, ƙwayoyin kuma ko ɓare su ba a yi ba.

Da ƙyar Mama ta yi magana, bakinta ya karkace.

"Sun kira sunana. Sun faɗi sunan maganina, suka ce yana kashe ƙoda. Na ɗauka asibiti ne suka turo."

Damaris ta miƙa wa Harrison wayar. Yana ganin sunan mai jiƙe-jiƙen a ƙasan saƙon, ya gane shi ne wanda ya sayar wa sunayen.

Kun san abin da ya fara yi? Bai durƙusa ba, bai yi kuka ba. Juya baya ya yi, ya goge saƙon.

Damaris na kallonsa. "Yaya, me ka goge? Me ya sa?"

Ya ce hannunsa ne ya kuskure.

Ƙaryar ba ta daɗe ba. Masu kasuwar suka cire manhajar, suka sanar da duk asibitocin dalili, har da wanda Mama ke kwance. Lauyoyi suka fara nemansa. Damaris ta daina cin abinci a kwano ɗaya da shi.

Da aka sallamo Mama, ɓarin jikinta ɗaya a shanye, ya zo ya durƙusa.

"Mama, ban san da sunanki a ciki ba."

Ta kalle shi ta ce, "Sauran fa? Su ba su da 'ya'ya?"

Darasi: Bayanan da aka ba ka amana rayukan mutane ne, ko ka san su ko ba ka san su ba. Kada kuma ka bar maganin likita saboda saƙon waya. Ku tura wa iyayenku da duk mai riƙe da sirrin jama'a.