Bawul Biyu da Mayen Ƙarfe

Akwai wani mutum mai a-kori-kura, wanda yake kai wa manoman ƙauyensu tumatir kasuwa. Ana jibi kasuwa, sai motar ta soma tari, ta kasa hawan tudu. Ga shi an riga an fara cika kwanduna, tumatir kuwa ba ya jira.

Ya kai ta wurin wani tsohon bakanike. Tsohon ya buɗe inji, ya zaro wani ƙarfe kamar ƙusa mai faɗin kai, bakinsa duk ya cinye. Mutumin ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Baba, ɗan wannan abin ne ya tsayar da mota sukutum?"

Tsohon ya ce, "Bawul ke nan. Ƙofa ce, ta nan hayaƙi mai zafi yake fita. Je ka nemo wanda zai jure wuta."

A shagon kayan mota aka nuna masa iri biyu, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, ya kasa bambance su. Ya roƙi mai shago ya bar shi ya kai duka biyun a gani.

Tsohon ya ɗauko mayen ƙarfe, ya kai shi kusa da kan na farko. Nan take bawul ya yi tsalle ya manne. Ya kai shi kan na biyu, ko gezau.

Mutumin ya ce, "Ashe na farkon ne ƙarfen gaske!"

Tsohon ya yi dariya, ya ce, "A'a, ɗana. Wancan gama-gari ne, wuta za ta cinye shi. Wannan kuwa tun a maƙera aka gauraya shi da wani abu. Abin da ya hana maye jansa, shi ne yake hana wuta cinsa."

Mutumin ya karɓi mayen, ya gwada da hannunsa har sau uku, yana ta mamaki. Aka ɗaura na biyu, tumatir ya isa kasuwa da ɗanyensa.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Bawul ɗin zuciyar mutum ce, mayen ƙarfe kuwa sha'awar duniya ce. Mutum biyu sukan zauna a benci ɗaya a wurin sujada, ido ba ya raba su. Amma wanda kowane kwaɗayi yake fizga, ranar wahala ba zai tsaya ba. Wanda Maganar Allah ta gauraya da zuciyarsa, shi ne zai jure. Kada ka jira wuta ta gwada ka. Dubi abin da ya ja ka a makon nan.