Hular da Ta Ƙi Barin Gwiwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo a aikin Ubangiji, sai dai yana so a san shi ne ya yi. Wata shekara bayan girbi, aka sanar cewa Baba Irmiya, tsohon mai bisharar ƙauyen, zai ajiye aiki ya koma garinsu, kowane gida kuma zai kawo kyautar sallama. Wasu suka yi alkawarin dawa, wasu kaji. Manomin nan ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi hula zai kawo, ɗinkin hannunsa. Alhali kuwa ko zare bai taɓa zurawa a allura ba.

Matarsa Briskila gwanar ɗinki ce. Da suka koma gida, ta tambaye shi a hankali ko hannun wa yake nufi. Ya ce hannun da ya iya garma, allura ba za ta gagare shi ba.

Sai ta yi masa zane a kan farin ƙyalle. Ta koya masa sarƙa, wato ɗinkin da ke bin layin zanen. Sa'an nan ta koya masa ciko, inda ake jera zare kusa da kusa har farin ya ɓace, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace. Ya ce ashe kunyoyin gona ne aka ƙanƙanta. Doka ɗaya tak ta ba shi.

"Maigida," in ji ta, "ka riƙe aikin a sama, yatsanka a ƙarƙashi. Kada ka kwantar da shi a jikinka."

To, yatsan da ke ƙarƙashi shi ke shan suka. Cikin mako uku nasa ya koma kamar rariya. Amma hannu ya faɗa, hula ta fara kyau. Da maƙwabta suka soma yabo, ya bar ɗaki ya koma ƙofar gida yana ɗinkin. Da yabon ya ƙaru, ya koma bakin hanya.

Ranar sallama ta zo, saura cikon saman hular kaɗai. Ya sa babban wandonsa na biki, mai yalwa, ya riga kowa zuwa gindin mangwaron da za a yi taron, ya zauna a bencin gaba domin duk mai shigowa ya gan shi yana aiki. Yatsa na zugi. Sai ya kifa hular a kan gwiwarsa kamar kan mutum, yana tsoma allura yana tsamowa daga sama. Ba suka, ba zafi, aiki na gudu. Ya ce a ransa, ashe matar nan wahalar da shi take yi a banza.

Yana ƙulle zaren ƙarshe aka kira gidansa. Ya miƙe, ya ja hula, sai ƙafar wando ta biyo ta. Ya sake ja, wando ya sake tasowa. Ashe ya ɗinke su tare, ɗinki mai ƙarfi kuwa, gama ya koyi aikin sosai. Haka ya taka zuwa gaba a duƙe, dafe da gwiwa, matan zumunta suna toshe baki da gefen zane.

Baba Irmiya ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, cikon nan ya yi. Ko tururuwa ba ta da hanya," in ji tsohon. "Sai dai gwiwarka ta riga kaina sawa. Ni zan zauna a gidanka, ko kai za ka bi ni garinmu?"

Briskila ta zo ta durƙusa, ta kwance reza daga bakin zanenta. Ta raɗa masa cewa hanya biyu ce, ko a farke cikon a ɓata hular, ko a yanke wandon. Shi kaɗai ne kuwa wandonsa na biki. Ya dubi wandon, ya dubi furfurar tsohon.

"Yanka wandon," ya ce.

Baba ya sa hular da guntun wando a cikinta, ya ce bai taɓa samun hula mai shafin ciki mai laushi haka ba. Manomi ya koma gida gwiwarsa tana shan iska. A bakin ƙofa matarsa ta tambaye shi ko hannun da ya iya garma ya iya faci.

Ma'anar misalin nan, ƙaunatattu, ga ta. Hular ita ce hidimar da muke cewa ta Allah ce: waƙar mawaƙi, sharar majami'a, kujerar shugabanci. Yatsan ƙarƙashi shi ne wahalar da ba mai gani, ba mai yabo. In muka guje mata, muka kwantar da aikin a jikinmu domin mu ji daɗi a kuma gan mu, kowane zare yana ɗinke shi da sunanmu, ba mu sani ba. Ranar da aka ce mu miƙa shi ga wani, sai ya ƙi fita.

Manomin nan ya yi kuskure, amma a ƙarshe ya zaɓi daidai: ya yarda a yanke nasa, kyautar ta tafi lafiya. Kai ma in aikin Ubangiji ya manne maka, kada ka ɓata aikin don ka tsira da wando. Kafin a kira sunanka, ɗaga hular ka duba gwiwarka.