Shinkafar Suna a Gidan Mijinyawa

Mijinyawa manomin albasa ne a Danchadi. Ba ya caca, ba ya almubazzaranci, kuma Allah ya sa wa gonarsa albarka. Cutarsa guda ce: duk kuɗin da zai fita daga gidansa zuwa gidan wani, a wurinsa asara ne. Gudummawar suna, ta aure, ɗan abin duba mara lafiya, duk ya soke su daga hidimar gida.

Da ya ji an ce an haihu, sai ya saɓa fartanya ya yi fadama. Ni kuwa Zayyanu, ɗan unguwarsu, na gane lagonsa. In na tarar ya cika benci wurin mai shayi, sai in ɗaga murya in ce, "Ashe matar Husaini ta sauka!" Kafin a sauke buta, benci ya zama nawa. Husainin nan ko aure bai yi ba.

Matarsa Zulaihatu ta sha yi masa magana.

"Malam, bari in kai ma maƙwabciyarmu ko turmin atamfa. Biki ajiya na, ran namu a maido muna."

"Wace irin ajiya hannun mutane? Zamna gida."

Ta zauna. Tun mata suna aiko mata goron gayyata, har suka daina.

Mijinyawa da Zulaihatu sun daɗe babu haihuwa. Da Allah ya kawo ɗa namiji, murna ta kwance bakin aljihun Mijinyawa. Ya je kasuwar Bodinga ya sayo ƙaton rago da buhun shinkafa. Masu girki sai na haya ya ɗauko daga Shagari, don babu matar unguwa da ta leƙo da tukunya. Ya shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har gindin dogonyaro.

Ranar suna mutane sun zo, don addu'a haƙƙin jariri ce. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha. Sai kowa ya nemi takalminsa.

Mijinyawa ya tare wani dattijo. "Baba Ɗanliti, ku dakata mana, ga abinci nan tahe."

"Allah shi raya, ɗana. Yaro munka zo ma, kuma mun yi mai addu'a."

Ni na tsaya, don ni da shinkafa ba ma faɗa. Amma mutum biyu a kan tabarmin da za su ɗauki unguwa guda, ko ni da ba ni da kunya loma ta ƙi wucewa. Daga cikin gida babu guɗa, babu hayaniyar mata, sai kukan jariri da muryar Zulaihatu tana rarrashinsa. Duk babur ɗin da ya taho, Mijinyawa sai ya ɗan miƙe, ya ga ya wuce, ya koma ya zauna.

Da la'asar ƙudaje sun mamaye tirorin shinkafa. Na tashi ina kaɗe riga, sai ya riƙe mini hannu.

"Zayyanu, gobe ma ka zo. Ko ba ka ci komi ba, ka zo ka zamna."

Darasi: tattali abu ne mai kyau, amma in za ka tsara kuɗin gida, ka ware na zumunci kamar yadda kake ware na cefane da na taki. Kasuwa za ta sayar maka da rago da shinkafa a yini guda. Mutanen da za su zauna su ci tare da kai kuwa, tun shekarun baya ake tanadinsu.