Wakilin Ma'aikatan Injin Alhaji Sambo

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Yau maganar mutane irinmu na kawo muku, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wani gari na bakin fadama akwai injin casar shinkafa na Alhaji Sambo. Mutum talatin da biyu ke cin abinci a ƙarƙashinsa, maza masu dako da turara shinkafa, mata masu shanya da sheƙa. Babu mai takardar ɗaukar aiki a cikinsu. Da baki aka ɗauki kowa, da baki kuma ake sallama.

Ana nan sai aka ji a rediyo an kai wa majalisa daftarin gyaran dokar ƙwadago. Duk wanda ya yi wata shida a wuri sai an ba shi takarda, mace ta samu hutun haihuwa, wanda ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani, kuma ba a korar mutum sai da sanarwar wata guda. Ma'aikata suka yi ta murna. Shi kuwa Alhaji, abokansa na kasuwa suka cika masa ciki da tsoro, suka ce in dokar nan ta wuce, ƙarshenta sai ya sayar da injin. Mutumin ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ƙudurta ranar Asabar zai sallami kowa, ya miƙa aikin ga wani ɗan kwangila mai kawo leburori na yini-yini.

Na farko da ya ji maganar shi ne Tanimu, direban Alhaji. A mota Alhaji ya faɗa masa ranar Litinin, ya ce ya yi shiru, shi Tanimu aikinsa na nan. Tanimu na da 'ya'ya shida, kuma da ya kame bakinsa babu abin da zai same shi. Sai ya tsayar da motar a gefen hanya ya ce, "Alhaji, ka yi mini afuwa. Da mutanen nan nake cin tuwo, ba zan iya kallonsu har Asabar ina dariya ba. Zan gaya musu, shi ya sa na fara gaya maka." Alhaji ya karɓe makullin motarsa nan take. Tanimu ya taka da ƙafa har injin, ya tara mutane ya faɗa musu.

Ta biyu ita ce Kande, mai sheƙa, wadda ta gama sakandare kafin rayuwa ta kai ta bakin tabarmar shanya. Da jin labarin, matasa suka ɗebo duwatsu da tayoyi za su tare ƙofar injin. Kande ta tsaya a gabansu ta ce su ba ta kwana biyu. Ta shiga mota zuwa babban birni, ta yi ta bin ofisoshi har ta samo daftarin, shafi arba'in da wani abu na Turancin lauyoyi. Ta bi shi layi-layi, inda ya shige mata duhu ta tambaya. A nan ta gano abu biyu da rediyo bai faɗa ba. Ƙananan masana'antu irin na Alhaji za a ba su shekara biyu su shirya a hankali. Sannan leburan da ɗan kwangila ya kawo, haƙƙinsu yana wuyan mai injin ne dai. Wato korar ba abin da za ta tsare wa Alhaji. Amma da ta je da takardun, ya ce a gaya mata ba ya ganin kowa.

Na uku shi ne Barau, mai tada injin, wanda ya shekara goma sha tara a wurin. Belin injin ya taɓa cinye masa yatsu biyu, bai kai ƙara ba, bai ko ɗaga murya ba. Babu wanda ya san lagon tsohon injin nan sai shi, don haka sunansa ba ya cikin waɗanda za a kora. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi Alhaji har zaure, ya ɗora hannun nan mai yatsu uku a kan tabarma, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da na rasa waɗannan ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ka saurari matar nan. In ka ji ta ka ce korar na nan, to ka haɗa da ni." Alhaji ya kalli hannun, sannan ya ce a kira Kande.

Ta karanta masa, ta fassara. Ya buga wa lauyansa waya, lauya ya ce maganarta haka take. Alhaji ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Ashe da na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa." Asabar ta zo, injin ya tashi kamar kullum, ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Tanimu ya koma bakin aikinsa na tuƙi. Mata suka yi ta guɗa, wata tsohuwa mai shanya ta zauna a kan buhu tana kuka tana hamdala.

To, sai Alhaji ya ce daga yau yana son mutum ɗaya daga cikinsu ya zama wakilin ma'aikata, wanda za su riƙa zama tare, kuma shi zai je ya yi magana da yawunsu ranar da majalisa za ta saurari jama'a. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce ba don Tanimu ba, da sai dai su ji kora ranar Asabar. Wasu suka ce ba don Kande ba, da sun je da duwatsu, kuma da yanzu suna hannun 'yan sanda. Wasu kuma suka ce takarda komai gaskiyarta, ba don Barau ba da a bakin ƙofa za ta tsaya.

Kujerar guda ɗaya ce. To, ku a ganinku, tsakanin Tanimu da Kande da Barau, wa ya fi cancanta ya hau ta?