Lambobin Bishiyoyin Yayana

Yayana mai gyaran keke ne, mutum mai ƙwazo, ba ya wasa da sallah. Aibinsa ɗaya, ba ya yarda da mutane. Ko allura ya ajiye sai ya waiwaya sau uku.

Duk rani yakan bar iyalinsa ya tafi birni neman aiki, wata biyar ba a ganinsa. Sai wata ƙungiya ta kawo mana aikin dashen bishiya a tsohon filin bayan gari. Ma'aikaciyarsu ta ce bishiya tana zuƙe gurɓatacciyar iska ta adana a jikinta, kuma akwai masu biyan kuɗi a kan haka. Bayan shekara uku za a auna kauri, kowane gida a biya shi gwargwadon abin da ya raya. Yaya ya karɓi layi huɗu. Ya ce in abin ya yi, ya bar tafiya birni ke nan.

Kowace bishiya an rataya mata 'yar lambar ƙarfe da waya, mai nuna gidan da ke da ita. Aka ba mu takarda da ta ce a bar wayar sako-sako, a riƙa sassauta ta kowace damina. Yaya kuwa ya sa a ransa cewa maƙwabcinsa, wani tsohon direba, zai cire lambobin ya maida kan nasa. Ya ɗauko filaya daga shago ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗe tam.

Matarsa ta ce, "Baban yara, wa zai saci lamba? Miya za a yi da ita?"

"Ke ba ki san mutane ba."

Ni ma na ce, "Yaya, ai takardar ta ce a sassauta."

Ya yi dariya. "Auta, yaushe kika fara karatun da za ki karanta mini takarda?"



Ban ruwa kam ba wanda ya kai shi. Da jarka biyu a keke yake jigila har ƙafarsa ta kumbura. Bishiyoyin suka yi ƙiba, wayar ta nutse cikin ɓawo ba a ganinta. A shekara ta uku ganye ya fara rawaya, sai ya ƙara ruwa. Da iskar farkon damina ta taso, fiye da rabi suka karye daidai wurin ɗaurin.

Direban nan ne ya fara isa filin. Ya durƙusa yana tono wayar da wuƙa daga waɗanda suka rage.

Ya ce, "Mai keke, kawo filayarka. Waɗannan da sauran ransu."

Yaya ya miƙa masa, ya kasa haɗa ido da shi. Tare suka wuni a wurin.

Da aka yi awo, gidaje da yawa suka sayi awaki, wasu suka canja rufin ɗaki. Abin da Yaya ya samu bai kai su ƙarshen rani ba. Ranar da zai koma birni neman aiki, 'yarsa ƙarama ta riƙe masa riga a bakin mota, sai da uwarta ta ɓamɓare hannunta.

Darasin da na ɗauka shi ne, zargi yana fara cutar da mai shi kafin ya taɓa wanda ake zargi. Abin da Allah ya ba ka amana, ka tsare shi, amma ka bar masa wurin girma. Kuma in an faɗa maka gaskiya ka saurara, ko daga bakin ƙanwarka ta fito. Allah ya tsarkake mana zukata.